Shugabanni bakwai a shekara goma sha uku

Ranar da babbar 'yata ta gama sakandare a watan Yunin 2023, bayan mun dawo gida an ci an sha an ɗaɗɗauki hotuna, sai uwar ta ɗauko wata tsohuwar jaka da take tara takardun makarantar yaran, irin wasiƙun nan da ake cuso wa yara a jaka su kawo gida. Muna ta bubbuɗewa muna dariya, ga zanen da yarinyar ta yi tana 'yar shekara biyar, ga katin allurar rigakafi, ni kuma sai idona ya riƙa sauka kan sa hannun da ke ƙasan wasiƙun. Duk wasiƙa ana farawa da "ya ku iyaye", duk ana alkawarin sabuwar tafiya, amma sunan da ke ƙasa kullum daban. Na zauna na ƙirga. Yarinyar nan ta shiga makarantar gwamnati a nan New York a Satumban 2010, ta fito 2023, kuma a tsakanin nan mutum bakwai ne suka riƙe kujerar shugabancin makarantun birnin. Joel Klein, Cathie Black, Dennis Walcott, Carmen Fariña, Richard Carranza, Meisha Porter, David Banks. Bakwai fa. Na ce wa uwar, Hajiya kin san 'yarki ta fi wasu ƙasashe ganin juyin mulki? Ta ce kai dai ka cika neman magana, tunda ta gama lafiya ai shikenan.

Toh ni a wajena ba shikenan ba, shi ya sa ma nake wannan rubutun.

Ga wanda bai san tsarin nan ba, a Amurka gwamnatin tarayya ba ita ke tafiyar da makarantu ba. Kowane yanki yana da hukumar makarantunsa, kuma hukumar tana ɗaukar mutum ɗaya a kwantiragi ya zama shugaba, shi ke da ta cewa kan kasafin kuɗi, da manhaja, da naɗa shugabannin makarantu, da rufe wadda aka ga za a rufe. Ka ɗauke shi kamar shugaban SUBEB da kwamishinan ilimi an haɗe su mutum ɗaya, sai dai a New York abin da ke ƙarƙashinsa ya kai ɗalibai kusan miliyan ɗaya da makarantu sama da 1,500, da kasafin da ya haura dala biliyan 30 a shekara. A yawancin wurare kwamitin da jama'a suka zaɓa ne ke ɗaukarsa ya kuma sallame shi, amma a New York tun 2002 magajin gari ne ke naɗawa, haka Chicago ta fara yi a 1995, Washington kuma tun 2007. Kuma duk inda magajin gari ke naɗawa, ka san ranar da ya faɗi zaɓe ko wa'adinsa ya cika, shugaban makarantu ma ya fara haɗa kayansa. Michelle Rhee ta zo Washington a 2007 da zafinta, ta rufe makarantu ashirin da wani abu, ta kori malamai, mujallu suna ta buga hotonta, a 2010 uban gidanta magajin gari Adrian Fenty ya sha kaye a zaɓen fid da gwani, ko wata biyu ba a yi ba ta ajiye aiki.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake nemo mutanen nan tun farko. Ba ma'aikaci ake nema ba, mai ceto ake nema, wanda zai zo da wani sirri a aljihu. Shi ya sa za ka ga an ɗauko wanda bai taɓa riƙe alli ba. Los Angeles ta taɓa ɗauko tsohon gwamnan jiha, Roy Romer, bayansa ta ɗauko tsohon babban hafsan sojan ruwa, David Brewer, wanda bai cika wa'adinsa ba aka biya shi ya tafi, a 2018 kuma ta ɗauko Austin Beutner, mutumin harkar banki da zuba jari, bai yi shekara ba malamai sama da 30,000 suka shiga yajin aiki a Janairun 2019. Mu kuma namu da ba za mu manta ba ita ce Cathie Black. Magajin gari Bloomberg ya ɗauko ta daga shugabancin kamfanin buga mujallu, ba ta taɓa koyarwa ba, sai da aka nemo mata izini na musamman daga jiha kafin ta hau kujerar a Janairun 2011. Da iyaye suka kai mata kukan cunkoso a azuzuwa sai ta yi raha cewa ko za a ɗan taimaka da tsarin iyali. Kwana casa'in da 'yan kai ta yi, a Afrilu aka ce ta tafi. Lokacin 'yata tana ajin farko-farko, ban ma san me ake ciki ba, ina ta fama da tuƙin dare.

Shi kuma wanda aka ɗauko a matsayin mai ceto, dole ya nuna ceton. Ba zai yiwu ya zo ya ce wanda ya gabace ni ya yi daidai, zan ɗora ba, don in ya faɗi haka sai a ce to me ya sa muke biyan ka dala dubu ɗari uku ko huɗu a shekara. Dole ya zo da sabon shiri mai sabon suna, da sabbin mataimaka, da sabbin 'yan ba da shawara da za a biya su kwantiragi, a sake zana taswirar wa ke ƙarƙashin wa a hedikwata. Kuma ya san shekara uku ko huɗu gare shi, don haka abin da zai zaɓa shi ne wanda za a iya ɗauka a hoto kafin ya tafi. Ka dubi John Deasy a Los Angeles, shirin raba wa kowane ɗalibi iPad, lissafin ya kai dala biliyan 1.3, yara cikin 'yan kwanaki suka gano yadda za su cire takunkumin da aka sa wa na'urar su shiga abin da suke so, manhajar da aka saya a ciki ba ta kammala ba, ga tambayoyi kan yadda aka ba da kwantiragin, a Oktoban 2014 ya ajiye aiki, aka koma aka lallaso tsoho Ramon Cortines mai shekara tamanin da wani abu ya sake riƙewa a karo na uku. Koya wa yaro ɗan shekara shida karatu kuwa ba ya ɗaukuwa a hoto. Sai ya kai aji uku ko huɗu kafin a ga sakamakonsa a jarrabawa, lokacin kuwa wanda ya shuka ya daɗe da komawa wani gari.

Akwai wata malama da ta koyar da biyu daga cikin yarana, dattijuwa ce, ta kusa ritaya. Wata rana na je ganawar iyaye da malamai, ni ne na ƙarshe a layi, sai hira ta ɗan yi tsawo. Na tambaye ta game da wani sabon tsari da aka aiko mana takardarsa, na ce malama wannan kuma yaya yake. Ba ta ce komai ba, ta miƙe ta buɗe wata doguwar kabad a bayan aji. Kwalaye ne jere tun daga ƙasa har sama, littattafai da katunan koyarwa, wasu ko ledarsu ba a yage ba. Ta riƙa nunawa da yatsa tana cewa wannan na wancan zamanin ne, wannan mun yi shekara biyu da shi aka ce a ajiye, wannan an kai mu horo kwana uku a kansa. Sannan ta rufe kabad ɗin ta ce, ni dai in na rufe ƙofar ajina abin da na san yana aiki shi nake yi. A lokacin na ji daɗin maganar, na ce madalla da jaruma. Sai daga baya a mota na yi tunani, to ai wannan ita ce babbar asarar. Ita ta ƙware, ta san abin da ke aiki, amma sabuwar malama 'yar shekara ashirin da huɗu da ke ajin kusa da ita fa, me za ta koya daga wannan kabad ɗin? Za ta koyi cewa duk abin da ya zo daga sama a yi masa shiru, zai wuce. Ranar da aka kawo abu mai kyau na gaskiya, shi ma haka za a yi masa.

Kuma an kawo ɗin. A 2023 David Banks ya fito da shirin gyara koyar da karatu a firamare, ya ce a daina barin yara suna cankar kalma daga hoton da ke gefe, a koma koya musu sautin baƙaƙe da yadda ake haɗa su. Ni da na tashi a makarantar allo wannan bai zo mini baƙo ba, ai babbaƙu da farfaru kenan, ba a taɓa ba yaro allo a ce ya canka ba. Aka ce kowane yanki ya zaɓi ɗaya daga manhajoji uku. Shiri ne da ke buƙatar shekara biyar ko shida kafin a san inda aka dosa. Shi kuwa mai shirin a Oktoban 2024 ya sauka, lokacin da binciken jami'an tarayya ya dabaibaye gwamnatin magajin gari Eric Adams. Sa'ar da aka yi wadda ta gaje shi, Melissa Aviles-Ramos, daga cikin gida take, ta ce za ta ci gaba da shirin. Amma ka ga sa'a ce, babu abin da ya tilasta mata.

Zan yi adalci, akwai masu cewa ana zuzuta maganar. Tsohon lissafin da kowa ke ambata, cewa shugabannin makarantun manyan birane shekara uku da ɗoriya suke yi, ya fito ne daga ƙirga shekarun waɗanda ke kan kujera a lokacin, ba a jira sun gama ba. Wani bincike na 2018 da ya duba manyan yankuna ɗari ya ƙirga daga hawa zuwa sauka, ya samu kusan shekara shida. Na yarda. Sai dai shi wannan binciken ya nuna inda talakawa da baƙar fata da 'yan Latino suka fi yawa nan ne shugabannin suka fi saurin tafiya, wato dai unguwanninmu. Sannan bayan korona abin ya ƙara lalacewa, rigimar rufe makarantu da sa takunkumin fuska ta kori da yawa, wasu ma da kansu suka ce sun gaji da zagi a taron kwamiti.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi, kuma na daɗe ina juya ta. A 2014 cibiyar Brookings ta duba bayanan ɗaliban jihohin Florida da North Carolina na kusan shekara goma, ta ce bambancin da shugaban makarantu ke kawowa a sakamakon jarrabawar yaro bai kai ko kashi ɗaya cikin ɗari ba, malamin aji ya fi shi tasiri nesa ba kusa ba, kuma daɗewarsa a kujera ba ta sa maki ya tashi. Wani zai ce to ka gani, bar su su yi ta canzawa. Ni kuma abin da na karanto a ciki daban ne. In har mutumin nan ba shi da wani sirri, to me ya sa duk bayan 'yan shekaru ake biyan kamfanin neman ma'aikata ya zagaya ƙasa, a biya na baya kuɗin sallama, Philadelphia sai da ta biya Arlene Ackerman dala dubu ɗari tara da 'yan kai a 2011 don kawai ta tafi, a zo a sake horar da malamai dubbai, a cika kabad da kwalaye? An bar jaki ana ta dukan taiki. Kuma makin jarrabawa ba ya auna makarantar unguwa da aka rufe, ko hedimasta mai kirki da ya gaji da sabbin iyayen gida ya koma wata unguwar masu kuɗi a bayan gari.

Chicago ce ta fi ba ni tausayi a wannan fannin. Bayan shugaban makarantunta Arne Duncan ya tafi Washington ya zama ministan ilimin Obama a 2009, kujerar ta koma kamar ta mai aski. Ron Huberman bai cika shekara biyu ba. Jean-Claude Brizard ya zo 2011, malamai suka yi yajin aiki a Satumban 2012, wata guda bayan nan ya tafi. Barbara Byrd-Bennett ta zo, a 2013 aka rufe makarantu kusan 50 a lokaci ɗaya, yawanci a unguwannin baƙar fata, aka ce wa iyaye don amfanin yaransu ne, bayan shekara biyu ita kanta ta amsa laifi a kotu kan shirin karɓar na goro daga kwantiragin sama da dala miliyan 20 da ta ba kamfanin da ta taɓa yi wa aiki, aka yanke mata shekara huɗu da rabi. Makarantun da aka rufe dai ba su dawo ba. Can daga baya kuma aka zo kan Pedro Martinez, a 2024 magajin gari Brandon Johnson ya so a ciyo bashin dala miliyan 300 mai tsadar ruwa, shi ya ce a'a, rigima ta kai duk 'yan kwamitin su bakwai suka ajiye aiki a Oktoba, magajin gari ya naɗa sabbi, a Disamba suka kore shi ba tare da sun ɗora masa wani laifi ba. Ko kana ganin Martinez ne da gaskiya ko magajin gari, saƙon da duk mai neman kujerar ya ji ɗaya ne, ka ce a'a ka ga ƙofa.

Su ma shugabannin ba zan wanke su ba. Da yawansu sun mai da abin kamar 'yan ƙwallo, daga wannan kulob zuwa wancan. Abin da ya faru a Maris na 2018 har yanzu in na tuna sai na yi dariya. Magajin garinmu de Blasio ya sanar cewa ya samo Alberto Carvalho daga Miami, washegari aka yi taron kwamiti a Miami ana nunawa kai tsaye a talabijin, ɗalibai da iyaye suna ta roƙonsa kar ya tafi, mutumin ya fita ya yi waya ya dawo ya ce ya fasa. Cikin 'yan kwanaki aka ɗauko Richard Carranza daga Houston, wanda shekara ɗaya da rabi kacal ya yi a can, kuma garin ko gama farfaɗowa daga ambaliyar guguwar Harvey bai yi ba. Wato don a toshe ramin New York aka haƙa wani a Houston. Carranza ya yi shekara uku ya tafi. Ita kuma Houston a 2023 jiha ta ƙwace makarantun gaba ɗaya ta naɗa nata mutumin.

Shi Carvalho ina da ɗan rauni a kansa, don ya zo ƙasar nan daga Portugal yana matashi, ya yi wankin kwanuka da aikin gini, ya yi zaman da ba takarda, duk wanda ya yi wannan rayuwar ya san ta. Ya fara da koyar da kimiyya a Miami ya hau har sama, ya riƙe kujerar daga 2008 zuwa farkon 2022. Amma shi ma daga ƙarshe Los Angeles ta ɗauke shi.

Kar kuma a ce ina cewa daɗewa kaɗai ita ce magani. Beverly Hall ta yi shekara goma sha biyu a Atlanta, a 2009 aka ba ta lambar gwarzuwar shugabannin makarantu ta ƙasa baki ɗaya, ashe makin da ake ta yabo malamai ne ke zama suna goge amsoshin yara suna gyarawa saboda matsin lamba daga sama. Binciken jiha ya ambaci malamai da shugabannin makarantu 178, a 2015 kotu ta kama goma sha ɗaya da laifi, ita kuma ta rasu kafin a yi shari'arta. Mutum in ya daɗe ba mai iya tambayarsa, abin da ke biyo baya kenan.

Misalin da nake so shi ne na Long Beach a California, gari mai tashar jirgin ruwa, cike da 'yan ci-rani da talakawa kamar namu. Daga 1992 zuwa 2020 mutum biyu ne kawai suka riƙe makarantunsu. Carl Cohn ya yi shekara goma, shi ya kawo sa yunifom a 1994, ya miƙa wa Chris Steinhauser wanda a makarantun garin ya yi karatu, a nan ya koyar, ya yi shekara goma sha takwas. Abin da ya burge ni ba yawan shekarun ba ne, na biyun bai zo ya rushe na farkon ba, ya ɗora a kai, har suka ƙulla yarjejeniya da kwaleji da jami'ar garin a 2008 don yaran su samu hanyar wucewa. Ba wanda ya sa hotonsu a bangon mujalla. Ni a ganina da kwamitoci da magadan gari za su daina tambayar mai neman aikin me zai kawo sabo, su ajiye masa jerin abin da aka riga aka fara su ce wanne za ka ci gaba da shi kuma nawa ne kuɗin wanda kake so ka watsar, su rubuta a kwantiragi, su kuma fara duba mataimakan da ke cikin gida kafin su tafi neman baƙo, da rabin masu zuwa don gina suna ba za su ma nema ba.

Na taɓa gwada faɗin haka a wani taron iyaye da aka kira a ɗakin cin abincin wata makaranta, an ba kowa minti biyu. Turancina ya ɗan sarƙe, na ce ni dai tambayata, in shugaba ya canza, wannan shirin karatun da autana ya fara da shi zai kai shi aji biyar ko kuwa. Matar da ke kan tebur ta yi murmushi ta ce tambaya ce mai kyau ƙwarai, ta rubuta a takarda. Wani ɗan Ghana da muke sallar Juma'a tare yana bayana, ya taɓo ni ya ce Alhaji zauna haka nan, ita ma ba ta san ko tana nan baɗi ba.